Tsohon Baka Mai Taya: Kar A Ja Sai An Duba

A hutun da ya wuce mu uku 'yan ajin fiziks muka je gaida wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya yi karatu a Amurka. Muna cikin hira ya shiga ɗaki ya fito da wani baka da ba mu taɓa ganin irinsa ba sai a fim. Yana da taya a kowane ƙarshe, ga wayoyin ƙarfe sun gitta juna. Ɗaya daga cikinmu ya karɓa, har ya sa yatsu zai ja tsirkiyar. Baba ya riƙe masa hannu ya ce, "A'a, ɗana. Wannan ya fi shekara 30 a ajiye. In ya tsinke, idonka zai nema."

Maganar nan ce ta sa muka shiga bincike a kansa.

Wani Ba'amurke mai suna Holless Wilbur Allen, mutumin jihar Missouri, shi ya ƙirƙiro wannan baka. Ya yanke ƙarshen rassan baka na gargajiya ya ɗaura tayoyi. Ya nemi takardar mallakar fasahar a 1966, aka ba shi a 1969. Wani maƙerin baka mai suna Tom Jennings na cikin waɗanda suka fara ƙera shi don sayarwa, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 mafarautan barewa a Amurka sun rungume shi. Wanda ya kalli fim ɗin Rambo na 1985 ya ga irinsa.

Me tayar take yi? Bakan maharbanmu, iya jan da ka yi iya ƙarin taurinsa. Shi kuwa wannan, ƙusar da tayar ke juyawa a kai ba a tsakiyarta take ba, ta karkata gefe. Idan ka ja ya kai wani wuri, sai tayar ta juya, nauyin ya ragu. Tsofaffin bakuna sukan rage kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Ke nan bakan da ke buƙatar ƙarfin laba 60, wato kimanin kilo 27, idan ya rage rabi, laba 30 kawai za ka riƙe kana saiti. Na zamani har kashi 80 suna ragewa.

Masu gyaran tsofaffin bakuna ba sa fara komai sai sun gane sassan. Akwai mariƙi a tsakiya, na katako ko na alminiyam. Akwai rassa biyu, sama da ƙasa, waɗanda suke lanƙwasa su adana ƙarfin jan. Akwai tayoyi: na farko-farko huɗu gare su, daga baya aka koma biyu. Akwai kebur na ƙarfe, kamar na birkin keke, an lulluɓe shi da roba. Sai tsirkiya, wadda a yawancin tsofaffin take maƙale a wasu 'yan ƙugiyoyi da ke bakin kebur ɗin.

Shekarunsa fa? A duba reshen ƙasa. Nan ake yawan rubuta nauyin ja, da tsawon ja a inci, da tsawon tsirkiya. Bakuna da yawa na shekarun 1970 suna ɗauke da lambar takardar Allen, 3,486,495, domin da izininsa aka ƙera su. Adireshin kamfani ma shaida ne. Kamfanin Bear ya tashi daga garin Grayling na jihar Michigan ya koma Gainesville ta jihar Florida a 1978, don haka sunan garin da ke jikin bakan zai nuna ko kafin ƙaurar aka yi shi ko bayanta. Tsawo ma yana magana: tsofaffin sukan wuce inci 45 daga ƙusa zuwa ƙusa, na yanzu kuwa da yawa ba su kai 35 ba.

Wurin gyara ne ake taka-tsantsan. Da farko a shafa auduga a jikin rassan. Inda ta maƙale, akwai tsaga, kuma reshe mai tsaga ba ya gyaruwa. A duba kebur, don tsatsa takan ci shi ta ƙarƙashin roba ba a gani. Ba a kwance bakan da hannu kawai, domin ko ba a ja shi ba rassan a ɗaure suke da ƙarfi. Akwai na'urar da ke matse su kafin a cire komai. Tsirkiya kuma sai irin tasa ta da, ta zaren Dacron mai ɗan miƙewa. Zaren zamani ba ya miƙewa, yana iya fasa tsohon baka. Babbar doka ita ce kar a ja a saki babu kibiya, saboda ƙarfin da ya kamata ya bi kibiya zai koma jikin bakan ya tarwatsa shi.

Da muka koma muka duba na Baba, sai ga tsatsa a kebur, daidai inda roba ta tsage. Samun sabo irinsa da wuya, tunda an daɗe da daina ƙera wannan samfurin. Muka goge mariƙin, muka ɗiga mai a ƙusoshin, muka kwafe lambobin a takarda, aka rataye shi a bango. Ba za a sake harbi da shi ba, amma ba za a jefar ba.

A 2028 za a fara gasa da baka mai taya a wasannin Olamfik na birnin Los Angeles. Idan kun ga 'yan wasan sun ja sun riƙe ba ko rawar hannu, ku tuna darasin liba da malamin fiziks yake zana muku a allo. Shi ne a hannunsu.