Tarihin Rundunar Ƙudan Zuma, Jama'ar da Ta Ci Ƙasa da Cin Amana, Ta Rasa Ta da Mantuwar Haraji

A tsibirin Aislan, can arewa mai nisa inda sanyi ya ke da iko, akwai wani kamfani mai suna CCP. A cikin shekarar 2003 kamfanin nan ya fito da wani wasa da a ke yi da kwamfuta ta hanyar intanet, ya raɗa masa suna EVE Online. Sifar wasan ita ce, an zana sararin samaniya a cikin na'ura, da taurari fiye da 7,000, kowane tauraro da duniyoyinsa da watanninsa da ma'adinansa. Mutum yana zaune a ɗakinsa, a Amurka ko Rasha ko Jamus, sai ya shiga da sunan aro, ya sami ɗan jirgi, ya tashi ya tarad da dubban mutane a sarari guda, waɗansu suna haƙar ma'adini, waɗansu suna ƙira, waɗansu suna fatauci, waɗansu kuwa suna tare hanya.

Abu biyu suka bambanta wasan nan da sauran wasanni. Na fari, jirgin da aka fasa ya fasu ke nan, ba a mayar wa mai shi, ko da ya yi wata shida yana tara kuɗinsa. Na biyu, kamfanin ba ya shari'ar zamba tsakanin 'yan wasa. Wanda ya ba wani ajiya ya cinye, ba shi da alƙalin da zai kai ƙara. Kuɗin ciki ISK sunansa, babbar kasuwa kuwa tana wani tauraro da a ke kira Jita, kuma cinikin ya yi girman da a 2007 kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki aiki don ya riƙa lura da farashi. Akwai kuma wata shaidar biyan kuɗin wasa da a kan saya da dala a sayar da ISK, ta haka ne a ke iya ƙiyasta hasarar ciki da kuɗin duniya. A tsakiyar sararin akwai dogarai na na'ura masu hukunta wanda ya far wa wani. A gefe kuwa daji ne, babu hukuma, ƙasa ta wanda ya iya riƙe ta ce, muddin yana biyan harajin mallaka a kan lokaci. Mai karatu ya riƙe maganar harajin nan, gama za ta komo har sau biyu.

Jama'ar da a ke ba da labarinsu ba a cikin wasan suka san juna ba. Asalinsu wata majalisa ce ta masu ba'a da barkwanci a intanet, galibi Amurkawa, wadda a ke kira Something Awful, a kan biya dala 10 kafin a shiga. 'Yan majalisar suna kiran kansu Goon, watau ɗan daba ko dolo. Wani sashe daga cikinsu ya shiga EVE ya kafa ƙungiya mai suna GoonFleet, a 2006 kuma suka faɗaɗa ta zama ƙawance, Goonswarm, ma'ana cincirindon dolaye. Tambarinsu ƙudan zuma ne da kwalkwalin soja a ka da sigari a baki.

A zamanin nan sarautar dajin tana hannun wata ƙungiya, Band of Brothers, wadda a ke taƙaita sunanta BoB, shugabanta kuwa SirMolle. Tsofaffin hannu ne, masu manyan jirage da dukiya, ba su karɓar sabon shiga, suna kuma alfahari da gwaninta. 'Yan Zuma suka zo da akasin haka. Ba su da gwaninta, ba su kuma ɓoye rashinta. Duk ɗan majalisarsu da ya shigo, ko jiya ya fara, sai a ba shi ƙaramin jirgi kyauta, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, a ce masa ya je ya riƙe ƙafar babban jirgin abokin gaba har manya su iso. In an fasa shi a ba shi wani. Ɗari su mutu, babban jirgi guda ya faɗi, lissafi ya nuna su ke da riba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, abin da suka gina kansu a kai ke nan tun farko.

BoB ta raina su, ta kuma yi alkawarin shafe su a 2006. Da 'yan Zuma suka ga ba su iya tsayawa su kaɗai, sai suka ƙulla da Rashawa na Red Alliance da Faransawa na Tau Ceti Federation, ga bambancin harshe, ga bambancin lokacin barci, wanda ya zama musu fa'ida, don in waɗannan sun kwanta waɗancan sun tashi. Aka shiga yaƙin da masu wasan ke kira Babban Yaƙi, aka yi shekaru ana gwabzawa. Ana cikin haka, a 2007, ya tonu cewa wani ma'aikacin kamfanin CCP, wanda ke wasa a cikin BoB, ya ba ƙungiyarsa waɗansu takardun ƙira masu tsada ta bayan gida. Kamfanin ya amsa laifin. Fushin jama'a a kan wannan yana daga cikin dalilan da suka sa a 2008 aka kafa majalisar wakilan 'yan wasa, wadda a ke zaɓe da ƙuri'a, a kai wakilan Aislan su zauna da masu kamfani.

Amma ba a fagen fama yaƙin ya ƙare ba. 'Yan Zuma suna da shugaban leƙen asiri mai laƙabi The Mittani, lauya ne a Amurka, sunansa na yanka Alexander Gianturco. A farkon 2009 wani daga cikin manyan BoB, mai laƙabi Haargoth Agamar, wanda ke riƙe da mabuɗan ƙungiyar, ya gaji da mutanensa, ya shiga cikin 'yan Zuma da wani suna dabam, zamansu ya yi masa daɗi, sai ya bayyana musu ko shi wane ne. Mittani ya gane cewa mutumin yana da ikon da ya fi kwashe baitulmali. A watan Fabrairu na 2009 Haargoth ya shiga ya kori rassan ƙungiyar, ya rushe ƙawancen da hannunsa. Bisa ƙa'idar wasan, ƙawancen da ya rushe ba shi da ƙasa. Cikin dare guda duk mallakar BoB ta faɗi, kariyar garuruwanta ta mutu. Don ƙarin cin fuska 'yan Zuma suka yi maza suka yi rajistar sunan Band of Brothers, yadda masu shi ba za su ƙara amfani da shi ba. Da ɗan gari a kan ci gari. Suka kwarara cikin lardin Delve, gidan BoB mai albarka, suka zauna.

Shekara guda kacal suka yi a ciki. A Janairun 2010 lokacin biyan harajin mallaka ya zo, asusun da na'ura ke cirar kuɗin ba shi da isasshe, shugabansu na lokacin, mai laƙabi Karttoon, ba ya nan, babu kuma wanda ya duba. Na'ura ba ta jin roƙo, ba ta san uzuri ba. Manyan garuruwansu suka suɓuce, tsofaffin 'yan BoB kuwa, waɗanda suka sake haɗuwa da sunan IT Alliance, suna bakin iyaka suna jira. Da Karttoon ya komo ya tarad da zargi, sai ya yi wa mutanensa irin abin da Haargoth ya yi wa nasa, ya kori rassan, ya riƙe dukiyar da sunan.

A nan ne tarihin jama'ar nan ya cancanci a tsaya a duba, domin ƙungiyoyi da yawa a wasan sun mutu da abin da bai kai wannan ba. Su ba su watse ba, saboda abin da ya haɗa su ya girmi ƙasar da suka rasa. Tsofaffin abokansu Faransawa suka ba su masauki a lardin Deklein, can arewacin dajin. Suka sake kafuwa da sunan Goonswarm Federation, Mittani ya hau shugabanci a 2010, aka kuma gyara gida gyaran wanda wuta ta taɓa ƙonawa. Aka raba ayyuka, ga masu kula da kuɗi, ga masu jigilar kaya, ga jakadu, ga masu koyar da sababbi. Aka ƙarfafa dokar cewa wanda ya rasa jirginsa a yaƙin ƙungiya, baitulmali zai biya shi. Masu ba'a da dariya suka wayi gari da ofisoshi da littattafan lissafi kamar kamfanin sayen gyaɗa.

Kuɗin biyan jiragen nan daga ma'adini ya ke fitowa. Akwai wani ƙarfe, teknetiyam, wanda ba a ƙera jirage masu kyau sai da shi, kuma galibinsa a watannin arewa ya ke. A 2012 'yan Zuma suka haɗa kai da sauran masu riƙe da shi, har da abokan gabansu, a kan kada kowa ya taɓa rijiyar wani, a kuma tsare farashi a sama. Duk ɗan kasuwa ya san irin wannan shiri, in dillalai kaɗan suka riƙe bakin hanya. Sai da kamfanin ya sake tsarin ƙira sa'an nan farashin ya karye. A Afrilun shekarar kuma suka kai hari kasuwar Jita kanta, suna fasa manyan jiragen fatake a gaban dogarai, sun san dogaran za su fasa nasu, sun kuwa yarda, tun da nasu masu araha ne. Fatake ba su manta da wannan ba, kuma ƙiyayyar da a ke yi wa 'yan Zuma ba a banza ta samu ba.

Shekarar 2012 ta zo musu da abubuwa biyu da suka wuce wasa. A watan Maris, a taron shekara da kamfanin ke yi a Aislan, Mittani ya hau mumbari a buge, ya yi wa wani ɗan wasa mai ciwon damuwa ba'a, ya zuga jama'a a kansa. Ya nemi gafara daga baya, ya rasa kujerarsa ta majalisar wakilai, kamfanin kuma ya dakatar da shi kwana 30. Na biyun ya fi nauyi. Babban jakadansu, mai laƙabi Vile Rat, wanda ya yi shekaru yana ƙulla musu sulhu da ƙawance, sunansa Sean Smith, ma'aikaci ne na hukumar harkokin waje ta Amurka. Ran 11 ga Satumba 2012 yana ofishin jakadancin Amurka a Bangazi ta ƙasar Libiya sa'ad da aka kai hari, ya mutu tare da jakada Christopher Stevens, ya bar mata da 'ya'ya biyu. Da labarin ya bazu, masoya da maƙiya a cikin wasan suka riƙa sake sunayen tashoshinsu suna sa nasa, aka kuma tara wa iyalinsa gudummawa da kuɗin gaske.

To, ga haraji ya komo. Ran 27 ga Janairu 2014 kuɗin mallakar wani tauraro mai suna B-R5RB bai shiga ba, wannan karon kuwa na abokan gabansu ne, inda suka tara rundunarsu. 'Yan Zuma da Rashawa ba su yi jinkiri ba. Aka yi wajen sa'a 21 ana faɗa, mutane fiye da 7,500 suka shiga. Manyan jiragen da a ke kira Titan, waɗanda ƙirar guda kan ci makonni da dukiya mai yawa, aka fasa 75, na ɓangaren 'yan Zuma 16, na abokan gaba 59. An ƙiyasta hasarar da kimanin dala 300,000. Kamfanin ya kafa abin tunawa a wurin, gawarwakin jiragen suna shawagi.

Ƙarfin da ya kai haka ba ya rasa masu haɗuwa a kansa. A 2016 masu gidan cacar ISK, waɗanda suka tara abin da ya fi baitulmalin kowace ƙungiya, suka sami saɓani da wani reshe na ƙawancen, wanda a lokacin ya ɗauki sunan Imperium. Sai suka buɗe jaka suka yi hayar kusan duk mayaƙan dajin. Waɗansu abokai suka juya baya a tsakiyar yaƙi, Deklein ta faɗi, 'yan Zuma suka kwashe kayansu suka nufi kudu, suka sake zama a Delve, lardin da suka rasa shekara shida da suka wuce. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya haramta cacar, ya ƙwace dukiyar gidan. Su kuwa suka duƙufa haƙar ma'adini da ƙira, har lardin ya zama kan gaba a lissafin da kamfanin ke fitarwa kowane wata.

Yaƙi mafi tsawo ya fara a Yulin 2020, sa'ad da wani babban taron ƙungiyoyi mai suna PAPI ya yi shelar zai fid da su daga wasan ɗungum. Aka bi su gari gari. A ƙarshen Disambar 2020, a tauraron M2-XFE, aka fasa Titan 257, littafin Guinness ya rubuta hasarar dala 378,012, wadda ta shafe ta B-R5RB. Duk da haka aka matse su har ya rage musu 'yan taurari kaɗan kewaye da hedkwatarsu, 1DQ1-A. Suka yi watanni a tsare, baitulmali yana biyan jirage, masu jigila suna kawo kaya, haraji yana shiga a kan lokaci. Masu kewayen suka gaji, mutanensu suka riƙa raguwa, a Agustan 2021 suka janye, 'yan Zuma suka bi bayansu suna karɓar garuruwansu.

A Yulin 2022 Mittani ya sauka, bayan ƙorafi daga cikin gida a kan yadda shugabanni suka riƙe wata ƙarar cin zarafi tsakanin 'yan ƙungiya. Ya yi shekara 12 a kan kujerar. Mabuɗan suka koma hannun wani kwamandan yaƙinsu mai laƙabi Asher Elias, rassan suna nan, baitulmalin kuma ba a taɓa shi ba.