Ɗanyen Taki Ba Na Lambu Ba Ne

A ƙasar Gwaram ba a koya wa manomi amfanin takin gida. Tun kafin a san buhun NPK da yuriya, da rani ya shigo za ka ga jakai da mangala, yanzu kuma kurar shanu, ana jidar sharar turke zuwa gona. Wani ma Fulani yake roƙo su sauka masa da shanu bayan an kwashe amfani. Ban ga aibun wannan ba: takin yana shan rana wata da watanni kafin shuka, gero da dawa a sama suke fid da kai, kuma sai an dafa ake ci.

Lambu kuwa daban ne. Tun da takin zamani ya yi tashin gwauron zabo a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, masu noman rani da yawa a fadamunmu, daga nan har Birnin Kudu, suka ƙara raja'a kan kashin kaji da na shanu. Na sha ganin an zazzage buhun kashin kaji, warinsa na hawa kai, kai tsaye cikin fangalin latas. Ganyen yakan ƙone, domin ɗanyen kashin kaji ya fi ƙarfin ƙaramar shuka. Wannan asarar mai lambu ce shi kaɗai. Wadda ta fi damuna ita ce wadda ido ba ya gani.

Dabba tana iya zama lafiya ƙalau amma kashinta na ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da E. coli, masu jawo zawo, wani lokacin har da jini. In aka yi ban ruwa, sai su fallatsu kan latas, kabeji da karas, abubuwan da muke yankawa ɗanye mu barbaɗa ƙuli. A 2006 ƙwayar E. coli ta gurɓata wani ganye mai kama da alayyafo a Amurka, mutum wajen 200 suka kwanta, uku suka mutu. Ƙa'idar noman da ba a sa masa sinadarai a can ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. To latas ɗinmu ai ba ya kai rabin haka a fangali.

Maganin bai wuce a bar taki ya nuna ba. A tara shi a inuwa, nesa da rijiya da bakin kogi, a riƙa jera shi da busasshiyar ciyawa ko karmami, a yayyafa ruwa ya jiƙa amma kada ya yi caɓi. Cikin 'yan kwanaki tsakiyarsa za ta ɗau zafi. Zafin nan, in ya kai digiri 55, shi ne ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Gefen tarin ba ya samun zafin, shi ya sa ake juyawa, na waje ya koma ciki. Nan ne mutanenmu suke ƙiwa, sai a tara a manta. Bayan wata uku zuwa huɗu, in ya yi baƙi, ya yi laushi, warin ya koma ƙanshin ƙasa, ya nuna.

Takin juji kuma a yi hattara. Yau akwai leda a ciki, da mataccen batir, da bayan gidan yara, wanda shi ke yaɗa taifot da kwalara. Mai rauni a hannu ko ƙafa kada ya dama taki haka nan, saboda cutar sarƙe-haƙora.

Malaman gona na hukumar JARDA, don Allah in kun zagayo fadama ku haɗa da wannan bayani. Uwar gida kuma, ko daga lambun wa ganyen ya fito, a wanke shi da ruwa mai tsafta kafin a yanka.