In kyanwa ba ta da lafiya

A Gaya da garuruwan da ke kewaye da ita, kamar Tanda, Bana, Bengu da Tunuga, gidaje da yawa suna da kyanwa. Wasu suna ce mata mage, wasu kuma mussa. Namijinta shi ne muzuru. Ba don ado ake ajiye ta ba. Duk inda akwai rumbun hatsi, ko buhunan shinkafa da masara, ko busasshen kifi, nan kusu yake taruwa. Kyanwa ce ke gadin wannan dukiya dare da rana. Malamai kuma suna hana a cuce ta. Sunan sahabin nan Abu Huraira ma, ma'anarsa mai ƴar kyanwa.

Amma kyanwa tana yin ciwo kamar kowace dabba, kuma tana da wani hali: in ba ta jin daɗi, ɓoyewa take yi. Sai ta shige ƙarƙashin rumbu ko bayan randa ta yi shiru. Manya suna gona ko kasuwa ko bakin kogi. Yaron da ke ba ta abinci shi ne yakan fara ganin ta sake. Don haka, yara, ya kamata ku san abin da za ku duba.

Lafiyayyar kyanwa idonta garau yake, babu kwantsa. Hancinta ba ya zubar da majina. Gashinta a kwance yake, yana sheƙi, domin kullum tana lasar jikinta. Tana ci, tana sha, tana binne kashinta. Jikinta ya ɗan fi na mutum zafi: mutum yana da digiri 37, ita kuwa 38 zuwa 39. Kyanwar da ta bar lasar jiki, gashinta ya tashi, ta ƙi abinci, ba lafiya gare ta ba.

Abin da ya fi damun kyanwa shi ne ƙuma. Ƙasar Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, ƙuma kuwa tana son ɗumi da laima, shi ya sa takan yi yawa da damina. Ƙuma ɗaya tana iya yin ƙwai har 50 a rana. Ƙwan ba ya zama a jikin kyanwa, yana zubewa bisa tabarma da tsumma da ƙasar ɗaki, can yake ƙyanƙyashewa. Ga yadda ake ganewa. A shimfiɗa farar takarda, a ɗora kyanwa a kai, a taje ta. In baƙaƙen ɗigo-ɗigo suka zubo, a ɗiga musu ruwa. In sun koma ja, kashin ƙuma ne, jan kuwa jinin kyanwa ne da ta sha. Babbar kyanwa susa kawai za ta yi ta yi. Ƴan ƙanana kuwa, ƙuma tana iya shanye jininsu har su mutu. Share ɗaki da shanya tsummanta a rana aikin yara ne. Maganin da za a sa mata a jiki, wannan sai likitan dabbobi.

Ƙuma tana kawo wata cuta kuma. In kyanwa tana lasar jiki ta haɗiye ƙuma, tsila takan tsiro a cikinta. Za ku ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiyarta. Akwai kuma wata tsutsa doguwa, mai kama da taliya, wadda ƴaƴan kyanwa suke samu ta nonon uwarsu. Ɗan kyanwa mai tsutsa cikinsa yana kumbura, ƙashin bayansa yana fitowa, yana ci ba ya girma. Ƙwan wannan tsutsa yana fita cikin kashi, kyanwa kuwa cikin rairayi take binne kashinta, inda ƙannenku suke wasa. Ku wanke hannu da sabuni kafin ku ci abinci, ku wanke wa ƙannenku. Mace mai ciki kuma kada ta kwashe kashin kyanwa, domin akwai wata cuta cikinsa mai taɓa jaririn da ke ciki.

In gashi ya zube a kunne ko a fuska, wurin ya yi fari zagaye kamar kwabo, makero ne. Wannan yana kama mutum. Yaron da ke kwana da kyanwa mai makero, shi ma yakan same shi a ka ko a hannu. In kuwa fata ta yi ɓawo-ɓawo, kyanwa tana susa har jini, mai yiwuwa ƙazuwa ce. Dukansu suna warkewa in an yi magani.

Kyanwa tana yin mura. Takan yi atishawa, ido da hanci su yi ta zuba. Irin wannan mura ba ta kama mutum, amma tana bin kyanwoyi ɗaya bayan ɗaya. Kyanwa da hanci take neman abinci. In hancin ya toshe ba ta jin ƙamshi, sai ta ƙi ci. A jiƙa ƙyalle mai tsabta da ruwan ɗumi a goge mata ido da hanci, a ba ta ɗan kifi mai ɗumi wanda aka cire wa ƙaya. In ta yi kwana biyu ba ta ci ba, ko idon ɗan kyanwa ya manne da mugunya, a kai wurin likita. Idon da aka bari a manne yana iya makancewa.

Ba kowane amai ne ciwo ba. Kyanwa takan ci ciyawa ta amayar, ko ta amayar da gashin da ta haɗiye, ta tashi ta ci gaba da harkarta. Zawo na yini ɗaya ma yakan zo daga ruɓaɓɓen kifi ko daga madara. Mutane suna zaton madara ce abincin kyanwa, alhali cikin babbar kyanwa ba ya narkar da ita sosai. Ruwa mai tsabta ya fi mata, balle a watannin Afrilu da Mayu, lokacin tsananin zafi. Amma in amai da zawo suka haɗu, ko aka ga jini, wannan wata magana ce. Akwai ciwon hanji mai kashe ƴaƴan kyanwa cikin ƴan kwanaki, kuma ƙwayar cutar tana iya shekara guda a ɗaki ba ta mutu ba. Ku ɗan ja fatar bayan wuyan kyanwa ku saki. In ta koma nan take, da sauran ruwa a jikinta. In ta tsaya a tattare, ruwan jikinta ya ƙare, kada a kwana ba a kai ta ba.

Muzuru kuwa faɗa ne ke ja masa ciwo. Haƙorin kyanwa siriri ne kamar allura. Ramin cizon yana rufewa da sauri, ƙazanta tana ciki. Bayan kwana biyu ko uku sai wurin ya kumbura ya tara mugunya. Likita yana fasa shi ya wanke. Muzurun da aka yi wa fiɗiya yana rage yawo da faɗa.

Akwai ciwon da ba ya jiran gobe. Muzurun da ke tsugunawa yana nishi, yana kuka, fitsari ba ya fita, mafitsararsa ce ta toshe. Cikin kwana biyu ko uku yana iya mutuwa. Haka kyanwar da ke numfashi da baki buɗe, da wadda babur ya buge, da wadda ƙayar kifi ta maƙale wa a maƙogwaro. Kyanwa tana ɗaukar ciki kwana 63 zuwa 65, kuma yawanci ita kaɗai take haihuwa. Amma in ta yi awa ɗaya tana yunƙuri ɗa bai fito ba, tana bukatar taimako.

Sau da yawa ba ciwo ne ke kashe kyanwa ba, maganin da aka ba ta ne. Mai gida ya ga jikinta da zafi, tausayi ya kama shi, sai ya sayo farasitamol wurin mai talla ya ɗura mata. Hantar mutum tana iya sarrafa wannan magani, hantar kyanwa ba ta iyawa. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe ta: fuskarta ta kumbura, dasashinta ya yi duhu, numfashi ya gagara. Wani kuma yakan shafa mata fiya-fiya, ko kalanzir, ko baƙin man mota, ko maganin kaskar shanu, wai don ya kashe ƙuma. Ya manta cewa duk abin da aka shafa wa kyanwa, lashe shi take yi. Kyanwa kilo 3 ko 4 take, saniya kuwa ta fi kilo 200. Ta yaya ma'auni ɗaya zai yi musu? Maganin kusu ma haka ne: kusu ya ci guba, kyanwa ta ci kusun, ita ma ta kamu. In kun ga tana dalala, tana makyarkyata, ku ɗauki kwalbar ko takardar gubar ku tafi da ita wurin likita tare da kyanwar.

Ciwon da ya fi duka haɗari shi ne haukan kare. Sunan kare gare shi, domin kusan duk mutanen da ke kamuwa, kare ne ya cije su. Amma kyanwa ma tana kamuwa, in mahaukacin kare ko wata dabba mai ciwon ta cije ta. Ƙwayar cutar tana cikin miyau. Tana bin jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, dabbar kuwa kamar lafiyarta lau. Daga nan sai halinta ya sake. Ana cewa kyanwar Lami ba ta cizo ba ta yaƙushi. To, ranar da kyanwar Lami ta fara kai wa mutane cizo babu dalili, muryarta ta shaƙe, miyau yana zuba, ƙafafun baya suna ja, kada kowa ya taɓa ta. A kulle ta inda take, a kira ma'aikatan kiwo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haukan kare yana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Cikin kowane mutum goma da dabbar da ake zargi ta ciza, wajen huɗu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Yaro yana wasa da dabba, kuma in an cije shi yakan ɓoye don tsoron duka. Wannan ɓoyewa ita ce babban haɗari. In ciwon ya bayyana a jikin mutum, babu maganinsa. In kuwa aka yi allura tun bai bayyana ba, mutum yana tsira. Ranar 6 ga Yuli 1885, a Faransa, wani masani mai suna Louis Pasteur ya sa aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, wannan allura. Mahaukacin kare ne ya cije shi. Yaron ya rayu har ya manyanta. Kowace ranar 28 ga Satumba duniya tana yin gangamin yaƙi da wannan ciwo.

Don haka, in kyanwa ko kare ya cije ku, ko ya yaƙushe ku har fata ta fashe, ku wanke wurin da ruwa da sabuni minti 15 cur. Ku yi ta zuba ruwa, kada ku gaji. Ku gaya wa iyayenku nan take, a tafi asibiti ran nan. Likita ne zai ce ko za a yi allura. Dabbar da ta yi cizo, in ana iya tsare ta, a tsare ta aƙalla kwana 10 ma'aikatan kiwo suna duba ta. In ta mutu, a sanar da su. A Yamai akwai babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi, LABOCEL, inda ake auna irin wannan. Malanbil tana ƙetaren kogi, Kamba tana nan kusa ta gabas. Dabba ba ta san iyakar ƙasa ba, kuma ba a san abin da ya ciji baƙuwar kyanwa a hanya ba. Kada ku ɗauki kyanwar da ba ku sani ba.

A Gaya akwai ma'aikatar kiwo ta gunduma. Yawancin aikinsu na shanu ne da tumaki da awaki, amma likitan dabbobi ya karanci ciwon kare da na kyanwa. Ana yi wa kyanwa allurar rigakafin haukan kare in ta kai wata 3, a sake bayan shekara. A tambaye su ranar da ake yi da kuɗinta, a kuma adana takardar da suka bayar. In za a kai kyanwa, kada a rungume ta a hannu, domin ƙarar babur za ta sa ta yaƙushi mutum ta gudu. A sa ta cikin kwando mai murfi ko kwali mai huji-huji, a shimfiɗa mata tsumma. Likita zai yi tambaya: Yaushe ta fara? Me ta ci? Tana fitsari? An ba ta wani magani? Ta ciji wani? Yaron da ke kula da ita ya raka babansa, domin shi ne ya san amsa.

Tambayoyi

1. Don me baƙin ɗigon da ke jikin kyanwa yake komawa ja in an ɗiga masa ruwa?
2. Kyanwa ta ɗauki ciki ranar 1 ga Maris. Wajen wace rana za ta haihu?
3. Ƙanenka ya nuna maka yaƙushin baƙuwar kyanwa, ya ce kada ka faɗa wa inna. Me za ka yi?
4. Ku tambayi maƙwabtanku sunan kyanwa da Dendi da Fulatanci, ku rubuto.