TAL NATIONAL: Ƙafa Ɗaya A Yamai, Ɗaya A Amurka

A nan Bauchi kowa ya san idan azumi ya matso, bukukuwan aure suka yi yawa, makaɗi ba shi da lokacin kansa. Yau yana wannan unguwa, gobe an ɗauke shi zuwa Azare ko Misau, sa'an nan wani mai biki ya yi fushi don ba a je nasa ba. Dalili kuwa a fili yake, watau ƙungiyar makaɗanmu a wuyan mutum guda take rataye. In babu ubangida, 'yan amshi da makaɗa sai zaman jira.

To, a Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, akwai waɗanda suka sami dabarar wannan matsala. Su ne 'yan Tal National, ƙungiyar da Hamadal Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ya kafa a 2000. Shi wannan bawan Allah makaɗin jita ne, ya taɓa buga ƙwallon ƙafa, ya kuma yi aikin alƙalanci a kotu, abin da a wajenmu za a ji shi banbaraƙwai.

Dabararsu ita ce yawa. Sun tara makaɗa da mawaƙa fiye da goma, amma kamar shida ne ke hawa dandali a lokaci guda, ana yi ana canji. Da haka suka riƙa yin wasa dare biyar a mako, kowane dare har awa biyar, in buƙata ta taso kuma su rabu biyu, su cika alkawari biyu a dare ɗaya. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da harshen Buzaye, ga jita ga kalangu.

Kamfanin FatCat na Ingila ne ya fitar da su duniya da faifan Kaani a 2013, Zoy Zoy ya biyo baya a 2015, sai Tantabara a 2018, suka yi ta yawon wasa a biranen Amurka da Turai. Har wa yau yawan nan ne ya yi musu rana, domin kaɗan ne daga cikinsu ke shiga jirgi, sauran suna gida.

Marigayi Alhaji Mamman Shata ma ya kai kalangu har Amurka, kuma ba a yi kamarsa ba. Amma da ya rasu a 1999, babu wanda ya iya riƙe ƙungiyarsa yadda take.