Daga Kwalbar Lemo Zuwa Tafkin Nyos: Yadda Kumfa Ke Samuwa

Muddin kwalbar lemo na rufe, ruwan cikinta kwance yake lami lafiya. Ana ɓalle murfin sai kumfa ta yunƙuro. Tun a masana'anta aka ɗura wa ruwan iskar kabon da ƙarfin matsi har ta narke a ciki. Wani masani ɗan Ingila, William Henry, ya bayyana ƙa'idar a 1803: gwargwadon matsi, gwargwadon iskar da ruwa zai haɗiye. Da matsin ya ragu, ruwan ba ya iya riƙe ta.

Sai dai fitar ba ta zuwa da sauƙi. Ƙwayoyin ruwa manne suke da juna, kuma iya ƙanƙantar kumfa iya matsin da ruwan ke yi mata, har ta sake narkewa tun ba ta yi ƙwari ba. Dole ta sami maɓoya: ɗan tsagi a jikin kofi, ko ƙura, ko zaren tsumman da aka goge kofin da shi. A irin wannan lungu akan sami 'yar iska ta maƙale, sai iskar kabon ta yi ta tsiyaya cikinta har kumfar ta cika ta ɓalle, wata ta tsiro a gurbinta. Shi ya sa ake ganin kumfa na tasowa a jere daga wuri guda. Mai shakka ya barbaɗa gishiri a lemo, amma fa ya janye rigarsa.

Wannan abin da ake ɗauka wasan yara ya taɓa share ƙauyuka. Tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru, kusa da iyakar Najeriya, yana zaune ne a bakin tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa ya haura mita 200. Iskar kabon na tsattsafowa daga ƙarƙashinsa, nauyin ruwan sama ya danne ta tamkar murfi. A daren 21 ga Agusta, 1986, ruwan ƙasan ya motsa ya yi sama, matsi ya ragu, kumfa ta ɓarke tana janyo ƙarin ruwa a bayanta. Da yake iskar kabon ta fi wadda ake shaƙa nauyi, sai ta gangara kwaruruka, ta shaƙe mutane fiye da 1,700 da dabbobi kimanin 3,500.

A 2001 aka zura bututu zuwa ƙasan tafkin domin iskar ta riƙa fita a hankali, aka ƙara biyu a 2011. Da zarar an fara jan ruwan ba a buƙatar inji, kumfar da kanta ke tunkuɗo shi sama.