Da Wane Faifai Ya Kamata a Fara Sauraron Dream Theater?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi ɗan bayani a kan wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Amurka da ake kira Dream Theater, da kuma gardamar da masoyanta ke yi a kan wane faifai nasu ya fi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, wani kuskure ne da na tabka a zangon karatun da ya wuce. Akwai wani abokina da muke kwana ɗaki ɗaya, na daɗe ina cika masa kunne da labarin mutanen nan, har ran nan ya ce in ba shi ya ji. Don ɗoki sai na sa masa faifansu mafi ƙara. Bai yi minti biyu ba ya zare abin sauraro daga kunnensa, ya dube ni ya ce, "Kai, wannan ai injin niƙa ne." Da na zauna na yi tunani sai na ga laifina ne, domin ba a kai mai koyon iyo tsakiyar kogi.

Samari uku ne suka kafa ƙungiyar a shekarar 1985, sa'ad da suke ɗalibai a kwalejin koyon kiɗa ta Berklee da ke birnin Boston. Su ne John Petrucci mai kaɗa jita, da John Myung mai kaɗa jita mai kaurin murya, da Mike Portnoy mai buga ganguna. Da fari Majesty suke kiran kansu, amma da ta bayyana wata ƙungiya ta riga su sunan, sai mahaifin Portnoy ya ba su shawara su ɗauki sunan wani gidan silima na jihar Kalifoniya, watau Dream Theater. Mawaƙinsu James LaBrie, mutumin Kanada, ya shigo a 1991, shi kuwa Jordan Rudess mai fiyanon lantarki sai a 1999.

Irin kiɗansu shi ake ce wa furogiresib metal, kuma abu biyu aka gama. Na farko shi ne metal, kiɗa mai nauyi na jitar lantarki da ganguna masu ƙarfi. Na biyu shi ne salon ƙungiyoyi irin su Yes da Rush, waɗanda sukan tsawaita waƙa su kasa ta kashi kashi kamar littafi mai babi. Yawancin waƙoƙin da muke ji a rediyo, in ka bi bugunsu za ka ga ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, a koma farko, haka har a gama. Su waɗannan sukan ƙirga zuwa bakwai, sa'an nan su juya zuwa biyar, sa'an nan tara. Alal misali, a wani kiɗa nasu mai suna The Dance of Eternity, wanda tsawonsa kamar minti shida ne kuma babu muryar mawaƙi a ciki, ƙirgen yana sakewa fiye da sau ɗari. An ce in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake, to, a nan mai rawa sai ya nemi wuri ya zauna.

Masoyan ƙungiyar, gwargwadon abin da na karanta da wanda na ji daga yayana da ya fara nuna mini su, sun fi rabuwa a kan faifai biyu. Waɗansu sun ce babu kamar Images and Words na 1992. A cikinsa ne waƙar Pull Me Under take, wadda ta fito da su duniya, kuma an sayar da fiye da kwafi 500,000 nasa a Amurka. Hujjarsu ita ce a lokacin muryar LaBrie tana kan ganiyarta, kafin ya ci wani gurɓataccen abinci a ƙasar Kuba a ƙarshen 1994, aman da ya yi ta yi ya raunata masa maƙogwaro na shekaru. Waɗansu kuwa sun tsaya a kan Metropolis Pt. 2: Scenes from a Memory na 1999, domin dukkan faifan labari ɗaya yake bayarwa: wani mutum Nicholas da mafarkin wata yarinya Victoria, wadda aka kashe a 1928, ya hana shi sakat.

Gardama ta biyu a kan maganga ce. Portnoy ya bar ƙungiyar a 2010, Mike Mangini ya gaje shi, aka yi faifai biyar da shi. Masu son Mangini sun ce hannunsa ya fi daidaito, kuma a zamaninsa ne suka ci kyautar Grammy a 2022 da waƙar The Alien. Masu son Portnoy suka ce shi bugunsa ya fi rai. Ya komo a 2023, suka fitar da Parasomnia a 2025, amma gardamar ba ta mutu ba. Haka nan The Astonishing na 2016, mai waƙoƙi 34 da tsawon fiye da awa biyu, wasu sun yaba ƙarfin halin da aka yi, wasu sun ce ya yi tsawo kuma ya yi sanyi.

To, ni dai a ganina, faifan da ya fi kyau da faifan da ya kamata a fara da shi ba lalle su zama ɗaya ba. Ga yadda nake ba da shawara.

A fara da Images and Words. Waƙoƙi takwas ne, bai cika awa ɗaya ba, kuma akwai masu taushi irin su Another Day, inda kunne zai huta kafin a shiga masu wuya. Kada a yanke hukunci a ji na farko. Ni kaina sai a karo na uku na soma gane inda kowane makaɗi ya dosa.

Na biyu a ɗauki Octavarium na 2005. Shi ne faifansu na takwas, waƙoƙinsa takwas, kuma ta ƙarshe minti 24 ce cur. Tana farawa a hankali kamar ketowar alfijir, ta yi ta hawa har ta kai ƙololuwa, sa'an nan faifan ya rufe da sautin da ya buɗe da shi. Wanda ya iya zama ya ji ta har ƙarshe ba tare da ya taɓa wayarsa ba, ya shirya wa abin da ke gaba.

Na uku shi ne Metropolis Pt. 2, wanda ni shi na fi so. Sai a ji shi a zama ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe, domin tsallake waƙa guda kamar yage shafi ne daga littafi. A ƙarshe sai a zo ga Train of Thought na 2003, wanda shi ne na yi gaggawar sa wa abokina.

Ina da magana da iyayenmu kuma. Ba zan ɓoye ba, akwai abin lura. Labarin Metropolis ƙagagge ne, an gina shi a kan tunanin cewa ran mamaci yakan komo a jikin wani, kuma ya ƙunshi cin amana da kisa, saboda haka ba na ƙananan yara ba ne. A Train of Thought ma akwai 'yan kalmomi marasa daɗi. Amma akwai abin koyi. Portnoy ya rubuta waƙoƙi biyar a jere, daga 2002 zuwa 2009, yana bayyana yadda giya ta so ta hallaka shi da yadda ya yi fama ya bar ta. Har ila yau, babu wanda zai kaɗa irin wannan kiɗa sai wanda ya shafe shekaru yana maimaita abu ɗaya har ya zauna masa. Duk sa'ad da lissafi ya gagare ni nakan tuna da haka, in koma kan littafina.

Ba na cewa dole kowa ya so wannan kiɗa, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Roƙona kawai shi ne, wanda zai gwada ya bi ta ƙofar da ta dace, ya rage ƙarar na'ura don lafiyar kunnensa, kuma ya bari sai an tashi daga karatun dare. Shi kuwa abokina, na san zai karanta wannan. Ina ba shi haƙuri, kuma Images and Words na nan yana jiransa ranar Asabar. A nan zan dasa aya.