Kama da Wane Ba Ta Wane: Jininmu da Na'urar Gwaji

Duk wanda ya taɓa jinyar yaro mai sikila a unguwar Nima ko Maamobi a Ghana ya san irin daren nan. Yaro na murƙususu, gaɓoɓi ba sa taɓuwa. A garzaya asibiti, likita ya ja fatar ido ya ga ta yi fari fat, ya ce sai an ƙara jini. Nan take waya ta fara zagaya dangi: "Kawu, kai O ne?" "Yaya, don Allah ki taho da maigidanki." A tunaninmu, da zarar harafi ya zo ɗaya, magana ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba.

Mu fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Gwajin da ake yi kafin aure, mai fitar da AA ko AS ko AC, yana duba sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini ne, kuma shi ke nuna haɗarin haifar mai sikila, cutar da kusan jarirai 2 cikin 100 ke zuwa da ita a Ghana. Rukunin jini kuwa alamomi ne a bayan ƙwayar, kamar tsagar gado a fuska. Karl Landsteiner ya gano A da B da O a 1901, aka gano Rh a 1940. Yau masana sun san tsarin rukuni fiye da 40, masu ɗauke da alamomi sama da 300. Wanda aka ƙara wa jini sau ɗaya a rayuwa, A da B da O da Rh kan wadatar da shi. Amma mai sikila da ake ƙara wa a kai a kai, jikinsa kan fara gane baƙin alamomi, ya haɗa musu garkuwa, har wata rana ya tarwatsa jinin da aka sa masa don ceton ransa.

Tsohon gwaji shi ne a ɗiga jini, a zuba masa magani, a ga ko zai dunƙule. Sai dai jinin da aka ƙara wa mutum kan yi wata uku yana yawo a jijiyoyinsa, ya rikita sakamako. Shi ya sa aka fito da sabuwar hanya: a karanta ƙwayoyin gado, wato DNA, a gane rukunin daga tushe. Hanya ce mai kyau ƙwarai. Matsalarta ɗaya: na'ura abin da aka koya mata kaɗai ta sani, kuma a jinin Turawa ta fara karatu.

Duba alamar D ta tsarin Rh, wadda ke sa a rubuta fozitif ko negatif a katin mutum. Kusan kashi 15 cikin 100 na Turawa ba su da ita, kuma dalilin a wurinsu shi ne ƙwayar gadon da ke ƙera ta babu ita kwata-kwata. Sai masu ƙera gwajin farko suka ce abu ya zo da sauƙi: in an ga ƙwayar, mutum fozitif ne, in ba a gani ba, negatif. A shekarar 2000 bincike ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na baƙaƙen Afirka masu negatif suna da ƙwayar, sai dai matacciya ce, ba ta aiki. Kwatanta da shago a kasuwar Nima. Na Bature an rushe shi har tushe. Namu yana tsaye da allon suna, amma a garƙame, ba ko tsinke a ciki. Mai ƙidayar da ke lissafa gini kawai zai rubuta cewa ana ciniki. Haka na'urar farko ta riƙa kiran mai negatif fozitif, kuma ƙara masa jinin fozitif ba wasa ba ne, balle mace mai sauran haihuwa a gaba.

Haka labarin wata alama mai suna Duffy. Galibin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wannan alama a jajayen ƙwayoyinsu, abin da ke ba su kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar gadon lafiya lau take, makunninta ne a kashe, kuma sai a 1995 aka gano inda yake.

Kada wani ya ce to mu tsaya kan tsohon gwaji. Shi ma yana da inda yake makancewa. Da yawanmu muna ɗauke da alamar Rh mai giɓi, wadda maganin gwaji ke gani kamar cikakkiya. A 2013 likitoci a Philadelphia ta Amurka sun bayyana cewa fiye da rabin masu sikilar da suke ƙara wa jini a kai a kai sun haɗa garkuwa, duk da cewa jinin na baƙar fata ne kuma an daidaita Rh. Karatun DNA ne ya tona asirin. Ashe maganin shi ne na'urar ta ƙaro karatu a jininmu.

Nan ne unguwannin Zongo irin su Nima ke da abin faɗa. Babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka bambancin ƙwayoyin gado, amma kusan 8 cikin 10 na waɗanda aka yi manyan binciken gado a kansu asalin Turai ne. A lungu ɗaya na Nima za ka tarar da Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani da Bayarabe da Kotokoli da Dagomba, an yi auratayya kaka da kakanni. Masu bincike a Jami'ar Ghana da ke Legon, da asibitin Korle Bu inda Farfesa Felix Konotey-Ahulu ya yi suna kan sikila, duk suna buƙatar irin wannan jama'a. In sun zo da bayani da takardar neman yarda, a yi musu tambaya son rai, amma kada jita-jita ta sa a rufe musu ƙofa.

A gida kuma, uwar mai sikila ta tanadi ɗan littafi: ranar da aka ƙara jini, leda nawa, ko jiki ya yi zafi ko fitsari ya yi baƙi bayan nan. Ta nuna wa duk likitan da ya karɓi yaron. Mai ciki ta san D ɗinta tun awon farko, domin akwai allurar da ke kare cikin da zai biyo baya. 'Ya'yanmu da ke Landan da New York su tuna cewa asibitocin can na cigiyar jinin baƙar fata, musamman nau'in Ro da masu sikila ke yawan buƙata. Matasan da suka rage a unguwa kuwa, kada su jira wayar tsakar dare. Ledar da aka bayar da rana tsaka, aka gwada ta a natse, ita ce uwar yaron nan za ta tarar a ajiye.